Makaɗanmu Na Da Da Na Yanzu

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu, in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ta makaɗa da mawaƙa ce. Na san wani zai ce, duk abubuwan da ke damun malamin makaranta a ƙasar nan, ga ƙarancin albashi, ga cunkoson yara a aji, wannan bai ga abin da zai kawo mana ba sai maganar kiɗa? To, ɗan'uwa, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sa'an nan ka yanke mini hukunci.

Abin da ya tsokano maganar shi ne, a zangon da ya wuce an tura ni koyarwar gwaji a wata makaranta kusa da unguwarmu, Ajilari. Ran nan darasin Hausa ya kawo mu kan waƙar baka, sai na ce wa yara kowa ya faɗi mawaƙin da ya fi so. Kafin in rufe baki hannuwa sun tashi ko'ina. Nan da nan na cika allo da sunaye, su Hamisu Breaker, da Ali Jita, da Nura M. Inuwa, da Umar M. Shareef, da Rarara, har da waɗansu na Ikko da na rasa yadda a ke rubuta sunansu. Sai na ce, "To, wa ya san Narambaɗa?" Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro daga kujerar baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ɗan ƙwallo ne?" Yara suka fashe da dariya, ni ma na taya su, amma da na koma gida sai na ga abin ba na dariya ba ne.

Ban ga laifin yaron nan ba ko kaɗan. Ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Ni kaina sa'a na ci. Kakana mutumin Zariya ne, ma'aikacin reluwe, aiki ya kawo shi Barno bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Maiduguri a 1964, ya zauna har ya tsufa a nan. Yana da akwatin rediyo wanda ba ya barin tashar Kaduna, da wata adakar ƙarfe cike da kaset. In an yi sallar lisha sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya sa kaset, mu yara mu kewaye shi. Kuma ba ya barin waƙa ta wuce haka nan. Sai ya tsai da ita, ya ce, "Kai, me ya ke nufi a nan?" In ka kasa, ya fassara maka, ya gaya maka ko wane sarki ne a ke yi wa, da abin da ya faru a zamaninsa. Ashe makaranta mu ke ciki ba mu sani ba.

Saboda haka bari in fara da faɗin waɗanda na fi so, da dalilina. Ban ce kowa ya yarda da ni ba, don abincin wani gubar wani.

A wurina Ibrahim Narambaɗa shi ne kan gaba. Mutumin Tubali ne a ƙasar Isa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. Abin kiɗansa kotso, watau ɗan gangan nan mai baki ɗaya da a ke ratayawa a kafaɗa a kaɗa da yatsu, wanda kiɗan fada ne tun asali. Abin da ya sa na sa shi gaba shi ne nauyin maganarsa. Ɗan waƙarsa guda sai ka kwana kana juya shi, gobe ka ga wata ma'ana wadda jiya ba ka gani ba. Wanda ya ke so ya san yadda a ke siffanta abu da Hausa, ya saurari waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanfilinge, zai ga dokin a gabansa kamar ya miƙa hannu ya shafa. Gaskiya ne Hausarsa ta mutanen yamma ce, tana yi wa kunnenmu na Barno wuya da fari. Amma wannan wuyar ma riba ce, don a nan yaro zai gane Hausa ta fi wadda a ke ciniki da ita a Kasuwar Litinin faɗi.

Bayansa sai Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi ma makaɗin kotso. Shi ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙar nan da a ke kira Mai Dubun Nasara. Abin da ke ba ni sha'awa gare shi yadda ya ke aiki da 'yan amshinsa. Sai ya ɗauko magana ya saki a tsakiya, su cafe su ƙarasa, su ƙara da tasu, shi kuma ya sake karɓa, ba mai taka wa wani ƙafa. Duk malamin da ya taɓa wahalar sa yara arba'in su karanta jimla guda baki ɗaya ya san horon da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne.

A kan Mamman Shata ne mu ka sha gardama da kakana, don shi a wurinsa ba a yi mawaƙi ba in ba Shata ba. An haife shi a Musawa a 1923, ya rasu a 1999. Kalangu ya ke waƙa da shi, wanda a da kiɗan mahauta ne, shi kuwa ya shiga da shi fadar sarakuna da gidajen gwamnati. Ba ya zama ya tsara waƙa a gida, a tsakiyar fili ta ke zuwar masa, a kaɗa ya ɗora. Ya yi wa sarakuna da attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da sojoji, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tafi duniyar wata da shi a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, abin da ya nuna masu ilmin zamani ma sun sallama masa. In a faɗin fage ne, lalle ba wanda ya kama ƙafarsa. Amma na sha gaya wa tsohon cewa Shata kamar tafki ya ke da damina, akwai ruwan sha a ciki akwai kuma wanda sai an tace. Yana da waƙoƙin zambo da na shagalin duniya waɗanda ba malamin da zai shiga aji da su. Tsohon ya kan yi dariya, ya ce, "Yaro man kaza. Ai wanda ya san halin mutane duka shi ke faɗinsa duka." Har ya koma ga Allah ba wanda ya ka da wani a cikinmu.

In kuwa aka ce in zaɓi guda ɗaya wanda ya fi dacewa da aikinmu na malanta, Ɗan Maraya Jos zan ɗauka. Sunansa Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, ya cika a Jos a 2015. Dubi abin kiɗansa, kuntigi, ɗan ƙaramin abu da a ke rufe wa baki da fata, tsirkiya ɗaya tak. Ba ɗan amshi, ba taron makaɗa, daga shi sai shi. Da wannan ɗan abu ya zaga ƙasashen duniya. Kuma ya karkata waƙarsa wajen mutanen da ba mai yi musu kirari. Waƙarsa ta Karen Mota yabon yaron mota ce, wanda ke ɗaukar kaya yana sa wa taya waigi, ya sha zagi ya sha rana. A waƙoƙinsa na zaman aure kuwa sai ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai gulma, duk shi kaɗai, kamar kana kallon wasan kwaikwayo. Darasin tarbiyya ne shiryayye, sai dai malami ya ɗauka.

Kada mata su ce na manta da su. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ce gwanata a kiɗan amada, watau ƙorai da a ke kifawa, waɗansu a kan ruwa, a riƙa kaɗa su da 'yan sanduna. A cikin gida a ke yinsa, mata zalla, ranar biki ko suna. Tana da habaici mai zafi ga kishiya, amma abin da na fi riƙewa nata shi ne yadda ta dage tana zuga mata su kama sana'a, kada su zauna suna jiran hannun miji. Tun ba a fara tarurrukan koya wa mata sana'a a manyan ɗakuna ba, ita tana yin nata a tsakar gida da ƙwarya.

Fili ba zai bar ni in tsaya a kan kowa ba. Akwai Ɗan Anace, makaɗin 'yan dambe, wanda ya sa sunan Shago ya wuce zamaninsa. Akwai Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, da Garba Supa da kukumarsa, da Sa'idu Faru, da Sarkin Taushin Katsina. Akwai Bala Miller wanda ya haɗa waƙar Hausa da ƙahonin Turawa da jita. A masu rubutacciyar waƙa kuwa akwai Alhaji Aƙilu Aliyu mai Fasaha Aƙiliya, wanda ya yi zama a nan Maiduguri yana karatu da karantarwa, ko da ya ke 'yan garin nan kaɗan ne suka san haka.

To, na zamani fa? Kada wani ya ɗauka ni cikin masu cewa duk abin da aka yi bayan Shata shirme ne. Ni ma saurayi ne, wayata cike ta ke da su. Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ta buɗe wa samari wata ƙofa, fiyano ya maye gurbin kalangu a yawancin bukukuwa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A cikinsu na fi son Aminu Ala, don yana zama ya zaɓi kalma, ya auna ta, har wani lokaci sai ka nemi ƙamus. Ina son muryar Fati Nijar, 'yar Maraɗi. Kuma ban manta yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta shiga kowane gida a 2020 ba, sa'ad da annoba ta kulle mutane a ɗaka. Waɗannan samari sun kai Hausa wuraren da rediyon kakana bai taɓa kai ta ba.

Amma ina da ƙorafi biyu a kansu. Na fari, kiɗan yawancinsu daga na'ura guda ya ke fitowa, sai ka ji waƙa goma ka ɗauka ɗaya ce, ga kuma karin finafinan Indiya ya yi musu katutu. A da kuwa da jin sautin farko ka san ko fada za a, ko gona, ko filin dambe, don kowace sana'a da kiɗanta. Na biyu, fagen maganarsu ya ƙuntata. In ba soyayya ba, to, siyasa ce, a yabi mai ba da kuɗi a ci mutuncin abokin takararsa. Na san za a ce na da ma don kyauta su ke yi, kuma sun yi zambo. Haka ne, ban musa ba. Sai dai a cikin yabon nan nasu sun bar mana sunayen garuruwa da jerin sarakuna da al'adun noma da farauta, har yau masu bincike na tsintar tarihi a ciki. Ina so mawaƙin yau ya tambayi kansa, bayan shekara hamsin me za a tsinta a tasa?

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci mini rai. Duk waɗanda na lissafa an ɗauki muryarsu. Shata ma an rubuta littafi guda a kan rayuwarsa, Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006, kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tara tarihin makaɗan Hausa masu yawa. In yaro bai san su yau ba, gobe yana iya nemo su. Na ƙofar gidanmu fa? Nan Barno muna da ganga kura da algaita waɗanda ke tashi a ƙofar Shehu ranar salla. Muna da waƙoƙin Shuwa, muna da tsinza ta Bura a ƙasar Biu. Tun 1926 wani Baturen mulki, J. R. Patterson, ya ga darajar waƙoƙin yabon sarakunan Barno har ya tara su ya buga. Mu 'yan gida me mu ka tara?

Kun san abin da ya sami garin nan tun daga 2009. Shekaru aka yi ana kulle gari tun da sauran rana, biki ya koma ɗaurin aure a watse, makaɗa da yawa suka rataye gangunansu, waɗansu suka bar ƙauyukansu da rigar wuyansu kaɗai. A watan Maris na 2014 bom biyu suka tashi a wajen unguwarmu, mutane masu yawa suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan wannan mahaifina ya kwashe mu zuwa Kano, mu ka yi wajen shekara biyu. Da mu ka komo sai mu ka tarar rufin ɗakin tsohon ya yi yoyo, damina biyu ta sauka a kan adakar nan, kaset duka sun lalace. Na Shata da na Ɗanƙwairo ban yi kukansu ba, don cikin mako guda na same su a waya. Amma akwai kaset guda wanda aka ɗauka ranar bikin iyayena, na wani tsohon makaɗin ganga, Babarbare, da ke zaune a bayan layinmu. Mutumin nan in ya fara jero kakannin gida sai ka ga dattawa suna share hawaye. Ya rasu muna Kano. 'Ya'yansa ba wanda ya gaje shi, babban yana tuƙa keke mai ƙafa uku. Na bi gida gida ina tambaya ko wani na da muryarsa, ban samu ba. Abin da ke cikin kan mutumin nan ya tafi ke nan.

Wani zai ce wannan ba aikin malamin makaranta ba ne. To, ga labarin wani malami irinmu. Malam Mamman Barka na ƙasar Nijar da koyarwa a firamare ya fara, yana kaɗa gurmi. Sai ya ji labarin biram, abin kiɗan Buduma masunta na tafkin Chadi, mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, kuma wai saura tsoho ɗaya, Bukar Tar, wanda ya iya shi sosai. A 2002 ya tashi takanas ya tafi bakin tafki ya zauna a gabansa ya koya. Daga baya ya fita da biram har ƙasashen Turai. Ya rasu a 2018, amma sautin biram yana nan a faifai. Tafkin nan kuwa a bayan gidanmu ya ke.

Akwai kuma masu cewa kiɗa da addini ba su haɗa hanya, kuma roƙo ba abin da za a nuna wa yara ba ne. Hukuncin kiɗa na bar wa malaman addini, ba fagena ba ne, kuma ina girmama wanda ya kauce masa don tsoron Allah. Amma waƙa magana ce, mai kyanta mai kyau ne, mummunarta mummuna. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. Malami yana iya rubuta baitoci a allo a yi nazarinsu ba tare da an taɓa ganga ba. Kuma ba na ce mu mai da yara maroƙa ba ne. Cewa na yi su san harshensu a bakin gwanayensa, yadda a ke sa su san Shakespeare a darasin Ingilishi ba wanda ya ce za su zama 'yan wasa.

Ga shawarata gare mu, 'yan'uwana ɗalibai. Kowannenmu in ya sami aji, ya zaɓi waƙa guda mai tsabta kowane zango, yara su saurara, su rubuta, a fitar da karin magana da baƙin kalmomi a tattauna. Ya fara da wadda yaran ke so, sa'an nan ya ajiye ta da a gefenta su gwada da kansu, don in ka zagi abin da yaro ke ƙauna ya toshe kunnensa ke nan. Banda wannan, wayar da ke aljihunmu ta fi rikodar da masu bincike na da suka yi aiki da ita. In an yi hutu kowa ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa a unguwarsu ko a sansanin 'yan gudun hijira, ya nemi izini da ladabi, ya ɗauki waƙar daka ko ta reno ko ta noma ko kirari, da Hausa ko Barbarci ko Margi ko kowane harshe. Ya rubuta sunan mai ita da garinsu da ranar da aka ɗauka. In an dawo a tara a ɗakin karatu na kwaleji, a yi kwafi fiye da ɗaya, kada a sa ƙwai duka a adaka guda kamar yadda mu ka yi. In ɗalibi ɗari suka yi haka sau biyu a shekara, ku lissafa da kanku abin da za a samu kafin mu gama.

Na gwada kaɗan daga ciki kafin in bar makarantar nan. Mako na gaba na sa wa yaran waƙar Karen Mota. Yaron nan mai tambayar ɗan ƙwallo ya yi shiru har ta ƙare, sa'an nan ya ce, "Malam, a sake sawa." Ashe wansa yaron mota ne a tasha. Ran da zan yi sallama da su ya kawo mini wata takarda a ninke, waƙar niƙa ce ta Barbarci da ya rubuto daga bakin kakarsa, wadda suka gudo da ita daga ƙauye. Rubutun duk kure ne, amma tana nan na adana.

Iyakar ra'ayina ke nan, Malam Edita. Na san mutanen Shata ba za su ƙyale ni ba da na sa Narambaɗa a gabansa, haka kuma masoya na zamani. Madalla, fili a buɗe ya ke, kowa ya rubuto nasa gwani da hujjarsa a fitowa ta gaba. Amma wanda zai ba ni amsa, ina roƙonsa ya haɗo da waƙa guda wadda ya ɗauko daga bakin wani tsoho na garinsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da za a danƙa mana, amin.

Naku,
Ɗan Ajilari, Maiduguri.